'Yan Dambe da Mayaƙan Dandalin Rum: Yabo a Fage, Raini a Gari

Ƙasar Bakura da Talata Mafara da Maradun, har da garuruwa irin su Janbako, ta daɗe da sanin dambe. Asalinsa wasan mahauta ne. Da kaka, idan an kawar da amfanin gona, sai samarinsu su bi gari gari da makaɗan kalangu suna neman abokan karawa. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da zare, ya kāre kansa da ɗayan, a yi turmi uku, wanda ya kai abokinsa ƙasa a ce ya yi kisa. Daga wannan fage ne Shago ya fito, wanda waƙar Ɗan Anace ta kai sunansa ko'ina a ƙasar Hausa.

Rumawa ma sun yi nasu fagen, amma kisansu na gaske ne. An fara wannan wasa a birnin Rum a shekarar 264 kafin Miladiyya, wajen jana'izar wani babban mutum. Yawancin mayaƙan bayi ne da kamammun yaƙi da masu laifi. Ana tsare su a gidajen horo, ana ciyar da su sha'ir da wake, likita yana duba raunukansu, domin kowannensu dukiya ce ta ubangidansa. Daga irin wannan gida ne a Kafuwa Sifartakus ya tayar da bore a shekarar 73 kafin Miladiyya. A shekarar 80 Miladiyya Sarki Titus ya buɗe dandalin Kolosiyam, mai ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000.

Bambancin a fili yake: ɗan dambe ɗa ne, da ƙafarsa yake shiga fage, da ita yake fita, mayaƙin Rum kuwa sai an miƙa masa takobin katako, alamar sallama, kafin ya huta. Amma akwai inda suka haɗu. Dokar Rum ta lissafa mayaƙi cikin marasa mutunci, ko da mutane na rubuta sunansa a bango. Haka nan a ƙasar Hausa, attajirin da ya yi wa ɗan dambe kari da yamma ba lalle ya ba shi 'yarsa ba, domin an ajiye mahauta a ƙasan tsarin sana'o'i.

Don haka ya kamata ɗalibin tarihi da ma'aikacin da aka ɗora wa raya al'adu su duba makomar ɗan dambe bayan ƙarfi ya ƙare, kalangu ya yi shiru, domin a nan ne ake gane matsayin da jama'a ta ba shi.