LITTAFI MAI TSARKI A CIKIN GIDA: GADON DA IYAYENMU SUKA BAR MANA

Yayin da muke bikin cikar ikilisiyarmu shekara 50, ya kamata mu waiwaya mu ga ta wace hanya bangaskiya ta iso gare mu a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, domin mu san yadda za mu miƙa ta ga 'ya'yanmu.

Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya a 1905, yana wa'azi, yana koyar da yara, yana kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. A 1913 waɗansu mutane da ake kira Isawa suka zo wurinsa. Su zuriyar almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da aka kashe wajen 1867 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Shekaru masu yawa ba su da majami'a, ba su da fasto, amma abin da suka riƙe sai suka riƙa gaya wa 'ya'yansu a cikin gida. Wannan ne ya sa jikoki suka tashi neman ƙarin haske.

Da suka karɓi bishara, aka tara su a Gimi, nan ƙasar Makarfi, ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson. Aka yi gonaki, aka buɗe makaranta. Amma cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya kashe mutane da yawa, ƙauyen masu bi ya watse. Duk da haka aikin bai mutu ba, gama yaran da suka tsira sun riga sun koyi karanta Maganar Allah. Da mishan ya koma Wusasa a 1929, zuriyarsu na cikin waɗanda suka riƙe ikilisiya. Daga cikinsu aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga nan manomi ya sami damar jin Allah yana magana da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa. Sa'ad da bishara ta shiga ƙauyukan Maguzawa, masu bishara sukan fara da ajin karatu, domin kowane sabon mai bi ya iya buɗe Littafin da kansa. Da dare, bayan an ci tuwo, sai a kunna fitila, iyali su taru. Inda maigida bai iya karatu ba, ɗansa ɗan makaranta ke karantawa, uba kuwa ya yi addu'a.

A shekarun 1970, lokacin da aka kafa ikilisiyarmu, gwamnati ta karɓi makarantun mishan. Nauyin da malamin mishan ke ɗauka sai ya komo wuyan iyaye. Makarantar Lahadi tana da amfani, amma awa ɗaya ce a mako. Sauran kwana shida fa, wa zai koya wa yaro? Kubawar Shari'a sura 6 ta ɗora wannan aiki a kan iyaye, Timoti kuma wurin kakarsa da mahaifiyarsa ya fara sanin Littattafai.

Yau muna da gini, muna da Littafi har cikin waya, amma a gidaje da yawa sujadar iyali ta yi sanyi. Aikin rake da tumatir, kasuwa da kallon talabijin sun cinye lokacin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka muna roƙon kowane gida ya keɓe minti 15 kowace rana: a karanta 'yan ayoyi, a bar yara su yi tambaya, a haddace aya ɗaya a mako, a yi addu'a. Zumuntar Mata da dattawa su taimaki gidajen gwauraye da marayu.

Gimi ta koya mana cewa ƙauye yakan watse, amma Maganar da aka shuka a zuciyar yaro takan tafi tare da shi. Ubangiji ya ba mu aminci, domin waɗanda za su yi bikin shekara 100 su same ta a hannun jikokinmu. Amin.