Daga Leipzig Zuwa Makera: Yadda Muka Gaji Ilimin Halayyar Ɗan Adam

Ina aji uku a jami'a malaminmu ya kira ni ofis, ya ce yana neman ɗalibin da zai riƙa taya shi aikin bincike. Na ɗauka farar riga za a sa mini, a haɗa ni da manyan na'urori. Ɗakin da ya kai ni kuwa tebur biyu ne, da kwamfuta ɗaya, da agogon auna daƙiƙa, sai kabad maƙare da takardun tambayoyi. Ya ce, "Ka iya Hausa sosai?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a Kakuri aka yanke mini cibiya." Ya ce, "To, kai nake nema."

Wannan agogon shi ne gadonmu mafi tsufa a ɗakin gwaji. A 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin halayyar ɗan Adam na farko a Leipzig ta ƙasar Jamus, inda ake auna tsawon lokacin da mutum kan ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. Tun kafin shi da shekaru kusan dubu, Abu Zaid al-Balkhi ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanadi da wanda kan sauko wa mutum haka kawai. Sai dai mu ta hanyar Turai fannin ya iso mana, kuma da kurkuku ya fara sallama, domin dokar mahaukata ta 1916, da wadda ta gaje ta a 1958, tsarewa suka fi sani, ba magani ba.

Wanda ya fara sauya akalar shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo. A 1954 ya fara tsarinsa na ƙauyen Aro kusa da Abeokuta: mara lafiya ya zauna a gidan mutanen gari tare da ɗan'uwansa, ya riƙa zuwa asibiti da rana, har masu maganin gargajiya aka jawo cikin aikin. Bayan shekara goma, a 1964, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen nazarin halayyar ɗan Adam na farko a ƙasar, ƙungiyar masana fannin ta ƙasa kuma ta tsaya da ƙafarta a 1984. A Arewa da yawa daga cikin magabatanmu ta tsangayar ilimi suka shigo, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello, wasu kuma ta Jami'ar Jos. A nan kudancin birnin Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa shi ne inda ɗalibi kan fara ganin abin da ya karanta yana numfashi.

Aikina na farko shi ne mayar da takardar tambayoyi Hausa. Ƙa'idar ita ce in fassara, a ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, sannan a gwada su biyun. Muka yi haka har suka dace, na ɗauki jakata na nufi Makera, unguwar tsofaffin ma'aikatan masaƙa. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, ta bar magidanta da yawa a zaune.

A wani zaure na sami wani dattijo kan tabarma, rediyo na gefensa. Bayan gaisuwa na bayyana masa aikin, na nemi yardarsa. Na karanta, "Baba, kana yawan jin baƙin ciki?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, ɗana. Wa zai yi wa Allah butulci?" Na sa alama a gidan a'a. Sai da na tashi ina neman takalmi ya ce, "Abin da ke damuna dai barci. Kaina zafi yake kamar an ɗora garwashi, wani abu na yawo a jikina kamar kiyashi, gabana kuma faɗuwa yake ko sallama aka yi." Duk wannan babu gidansa a takardata.

Da na kai wa malam labari, bai yi mamaki ba. Ya ce Farfesa Peter Ebigbo ya ci karo da wannan a Enugu, har ya tsara ma'auni na musamman a kan irin waɗannan koke-koken jiki. Ya kuma ba ni littafin Malik Badri, masanin nan ɗan Sudan, na 1979, wanda ya ja kunnen masana Musulmi kan kwaso ra'ayoyin Yamma ba tacewa. Daga baya na ga lissafin Jeffrey Arnett na 2008: kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke. Ashe da mudun wata kasuwa muke awon hatsinmu.

Ranar da na zauna da dattijon nan na gane darajar ƙaramin mataimaki. Farfesa ne ke tsara bincike, amma ɗalibin da ya cire takalmi ya zauna a zaure shi ke jin bambancin damuwa da ƙunci, da ɓacin rai da faɗuwar gaba. Shi ya san lokacin da "lafiya lau" ke nufin akasinta, ya kuma san yadda zai saurari mai maganar sammu ko iska ba tare da ya raina shi ba.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, aka yi bankwana da ta 1958. Doka kuwa sai da ma'aikata masu jin harshen jama'a. Ƙannena da ke karatun wannan fanni, kada ku jira sai aji huɗu ya tilasta muku aikin bincike. Ku ƙwanƙwasa ƙofar malamanku tun yanzu, ku karɓi takardun, ku shiga Kakuri da Nasarawa da Narayi, ku rubuta abin da mutane suka faɗa da bakinsu, ku kuma riƙe sirrinsu da amana.