Harbin Tudu da Harbin Gangare: Ƴan Baka a Kwarin Gulbin Maraɗi

Gabatarwa

Idan ana zancen yaƙe-yaƙen Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri a ƙarni na 19, an fi ambaton barade da ƴan lifidi. Amma mafi yawan rundunar dakaru ne, kuma babban makaminsu shi ne kwari da baka. Wannan ɗan bayani zai duba wani fanni guda na gwanintarsu, watau yadda maharbi yake gyara bararsa idan abin harbi yana sama da shi ko ƙasa da shi.

Tarihi da yanayin ƙasa

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka kwanta dama, bayan haka ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri. Tun daga nan garuruwan biyu suka zama sansanin hare-hare, musamman zamanin Ɗan Baskore, wanda ya yi sarauta daga shekarun 1850 zuwa 1875.

Jiratawa daga kudu, Maraɗi a tsakiya, Tsibiri daga arewa maso yamma, dukansu a bakin gulbi ɗaya suke. Ƙasa tana da fadama mai duhuwar itatuwa, tana kuma da tudun jigawa a gefenta. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin yake, sai bayan ambaliyar 1945 aka hau da shi tudu. Ban da wannan, garuruwan yankin sun kāre kansu da ganuwa ko kafi, da gwalalo a kewaye. Bajamushen nan Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a 1851, ya bayyana Gazawa a matsayin gari mai kafi da rami. Saboda haka ɗan baka ba kullum yake harbi a miƙe ba. Mai tsaron gari yana harbowa ƙasa daga badala, mai kai hari yana harbawa sama, mafarauci kuma yakan yi kwanto a kan itace.

Makami

Kibiyar ƙasar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Kyauro ne marar nauyi da bakin ƙarfe mai kunnuwa, wanda aka shafe da dafi, galibi na kwankwani. Irin wannan kibiya ba ta riƙe hanyarta a nesa, don haka harbin kusa aka fi dogara da shi. Dafi ne ke kisa, ba zurfin rauni ba, shi ya sa ake cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Abin da maharbi yake tsoro shi ne kibiya ta wuce ba ta taɓa ba, alhali doki yana sukuwa kansa.

Ƙa'idar bara

Da zarar kibiya ta bar tsirkiya, nauyinta yana jawo ta ƙasa, shi ya sa maharbi yake ɗaga bara gwargwadon nisa. To, amma nisan da za a yi lissafi da shi ba wanda ido ya gani ba ne, nisan kwance ne, watau tazarar da ke tsakanin mutum biyu da a ce a fili ɗaya suke tsaye. Ga misali. Ɗan baka yana kan ganuwa mai tsawon mita 6, abokin gaba yana mita 8 daga gindinta. Ido zai ga mita 10, amma barar mita 8 ce daidai. Haka nan a gangare mai karkatar digiri 30, nisan mita 40 yakan koma wajen mita 35.

Wanda ya yi bara da nisan ido, kibiyarsa za ta bi ta bisa abin harbi. Abin mamaki shi ne, a harbin kusa hukuncin ɗaya ne ko sama za a harba ko ƙasa: a duka biyun sai an sauke bara. Sabon shiga yakan zaci harbin tudu yana bukatar ƙarin ɗagawa, nan ne yake ɓata kibiya.

Sai kuma tsayuwa. Gwani yakan ja tsirkiya kamar a fili, sa'an nan ya karya jiki daga ƙugu. Wanda ya sauke hannun baka kaɗai, ko ya ɗaga shi, ya canja tsawon jansa, kuma ƙarfin kibiya ya canja ke nan.

Kammalawa

Da Faransawa suka kama ƙasar a farkon ƙarni na 20, yaƙi ya ƙare, baka ya rage a hannun maharba da masu tsaron dukiya. Ilmin harbi kuwa da baki da hannu ake gadonsa, don haka kalmominsa suna tafiya tare da masu su. Matashin birni zai san kibiya, amma da wuya ya san badala ko kyauro.

Akwai aiki biyu a nan. Na farko, masu bincike su tattara kalmomin harbi daga bakin dattawan maharba na Jiratawa da Tsibiri da ƙauyukan gulbi. Na biyu, masu tsara littattafan yaƙi da jahilci su lura cewa misalin ganuwar nan, mai mita 6 da 8 da 10, darasin lissafin kusurwa ne cikakke. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a Damagaram, kuma neman kalmomin lissafi yana cikin manyan wahalhalun wannan aiki. Wasu daga cikinsu suna nan a bakin maharba, sai dai a je a ɗauko.