Wuri: Daga Tekun Indiya zuwa Kasuwannin Hausa

Wuri ɓawon wata 'yar halittar teku ce, dangin dodon-koɗi, da ba ta wuce santimita 3 ba. Tana zaune cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi, tsakanin duwatsun murjani, tana kiwon gansakuka. Idan tana raye, wata fata mai zane-zane ce ke lulluɓe ɓawon, ita ke sa shi santsi da ƙyalli.

Cibiyarsa tsibiran Maldif ne. A da masunta kan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, halittun su maƙale, a kwashe su a binne cikin rairayi har naman ya ruɓe. Matafiyi Ibn Battuta ya ga cinikin wuri a can wajen 1344, daga baya ya tarar ana saye da sayarwa da wuri a Mali da Gawo.

Tun ƙarni na 16 jiragen Turawa suka riƙa jibge shi a gaɓar Afirka ta Yamma suna sayen bayi. Abin takaici ne a ce da ɓawo aka yi cinikin 'yan Adam. Tarihin Kano ya nuna wuri ya shigo ƙasar Hausa zamanin Sarki Muhammadu Sharefa (1703-1731).

A wancan zamani wahalarsa ƙirga. Ba a shirya shi a zare kamar na bakin teku. A ƙasa ake zubawa, a riƙa ja biyar-biyar da yatsu, a tara zangu, wato 100, har a kai zambar, wato dubu. Wuri 20,000 ke cika keso ɗaya. A 1851 matafiyi Heinrich Barth ya ga ana ƙirga 500,000 a Tasawa, a Kano kuwa ya tarar 2,500 ke sayen riyal guda.

Daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus suka fara kawo wani iri mai araha daga Zanzibar, darajar wuri ta yi ta zubewa, har kuɗin dako ya riƙa cinye ribar fatake. Ingila ta hana shigo da shi Najeriya a 1904, Faransa kuma ta ce da faranka za a biya haraji a ƙasashen da take mulka.

Yau a yankin Kornaka da Dakoro, inda teku ke da nisan fiye da kilomita 800, ana ganinsa a kitson matan Bororo, a kayan 'yan bori, da hannun masu duba.