Yadda ake cire adaftar da ta maƙale a sandar PTO ta tarakta

Tarakta ba ta shiga lungunan Yakasai, amma matasan unguwar da ke haɗa kuɗi su kama gonar shinkafa a Kura ko Kadawa sun san kuɗin hayarta. Wanda ya taɓa biya yana iya jin wannan uzuri daga bakin direba: adafta ta ƙi fita, don haka ba za a iya ɗaura injin sussuka ba. Sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma ƙarfen da bai wuce tafin hannu ba yakan zaunar da tarakta kwanaki a tsakiyar kaka.

PTO ita ce gajeriyar sanda mai haƙora da ke leƙowa a bayan tarakta, wadda ke miƙa ƙarfin injin ga famfon ban ruwa, injin feshi, na watsa taki ko na sussuka. Kamfanin International Harvester na Amurka ne ya fara sayar da tarakta mai ita a 1918. Wadda ta fi yawa a yau tana da haƙora 6 da kaurin milimita 35, tana juyi 540 a minti ɗaya. Mai juyi 1,000 tana da haƙora 21, yayin da ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet ke da haƙora 8 da kaurin milimita 38. Idan bakin na'ura bai dace da sandar ba, sai a sa adafta a tsakani.

A nan ne maganar ta taɓa gwamnati. An harhaɗa Steyr a Bauchi, an harhaɗa Fiat a Kano, Massey Ferguson ta cika gonaki, sannan a watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 daga Belarus. Kowane zubi da ƙirarsa, kayan aikin da manoma ke da su kuwa na zubin baya ne. A wurin bikin rabo ana ƙirga taraktoci, ba kasafai ake tambayar ko sandarsu ta dace da injinan da ke ƙasa ba, ko wa zai kawo kayan gyara.

Abu biyu ke kama adafta. Ko dai tsatsa, idan an bar ta damina guda ba giris, ko kuma haƙoran sun murɗe saboda an ɗora wa sandar nauyin da ya fi ƙarfinta. Ta biyun ta fi wuya, kuma adafta mai araha ta fi saurin yin ta.

Kafin a taɓa komai, a kashe injin, a zare makulli, a ja birkin hannu, a sauke na'ura ƙasa. Juyi 540 a minti na nufin juyi 9 a daƙiƙa ɗaya. Idan sandar ta kama bakin riga ko rawani, ta nannaɗe mutum kafin ya buɗe baki.

Sai a duba abin da ke riƙe da ita: maɓallin dannawa, ƙusa mai ratsawa, ko ƙananan sukurori da laka ta rufe. Da yawa daga adaftocin da ake cewa sun maƙale, sukuru ɗaya aka manta ba a kwance ba. A kankare da buroshin waya, a fesa man da ke ratsa tsatsa irin WD-40 ta baki biyu, a bar shi ya kwana. Washegari a riƙa ɗan bubbuga gefenta da guduma ana juya sandar da hannu. Bugu kaɗan zuwa ciki yakan karya tsatsar da ja ya kasa karyawa.

Idan ta ƙi, a kawo abin zare boris mai ƙafa uku, ƙafafunsa su kama bayan adaftar, sukurunsa ya tokare kan sandar. Adaftar da kanta ke toshe sai an huda tsakiyarta kafin sukurun ya isa. Ana cikin ɗaurewa ana iya gasa jikin adaftar da wutar walda ta gas domin ta buɗe, bayan an goge man da aka fesa, an kuma naɗa jiƙaƙƙen tsumma a gindin sandar don kada robar da ke tare mai ta ƙone.

Dabarar da ta fi yin ɓarna ita ce ɗaure adaftar da sarƙa a jikin bishiya a ja tarakta gaba. Ƙarfin yana sauka ne a kan boris da zoben da ke riƙe sandar daga ciki, sai ƙaramin gyara ya koma buɗe bayan tarakta. Haka ma danƙara ƙarfe a jikin murfin ana banƙarawa, domin murfin zubi ne, yana tsagewa.

Mataki na ƙarshe shi ne a sadaukar da adaftar. A yanka ta a tsaye da injin yankan ƙarfe, a tsaya kafin a kai haƙoran sandar, sannan a tsaga ragowar da kurfi. Wanda zai je Kasuwar Ƙofar Ruwa neman sabuwa ya tafi da tsohuwar a hannu, ya ƙirga haƙoranta ta baki biyu. Sabuwar kuma a shafa mata giris kafin a sa, a cire ta duk ranar da aka gama aiki, a mayar wa sandar murfinta.