2.3 Tarihin Shigowar Wasiƙun Manzanni Cikin Harshen Hausa

Kamar yadda aka ambata a babi na ɗaya, Sabon Alkawari na ɗauke da littattafai 27, kuma 21 daga cikinsu wasiƙu ne. Guda 13 na ɗauke da sunan Bulus, sauran kuwa sun haɗa da na Bitrus da Yakubu da Yahaya da Yahuza. An rubuta su ne da Helenanci a ƙarni na ɗaya, domin warware matsalolin ƙananan jama'ar Kirista a birane irin su Koranti da Afisa da Roma. Masana na ganin wasiƙa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 50, ita ce mafi daɗewa.

Wanda ya fara ɗora harsashin fassara su zuwa Hausa shi ne James Frederick Schön, Bajamushe ma'aikacin ƙungiyar C.M.S. Ya shiga tawagar da ta bi Kogin Kwara a 1841, daga nan ya duƙufa kan nazarin Hausa. Babban mataimakinsa shi ne Dorugu, yaron da aka 'yanta daga bauta, wanda Barth ya kai Ingila a 1855. Abin lura a nan shi ne, wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon roƙo ce a kan wani bawa mai suna Unisimas, ga shi kuma daga bakin 'yantaccen bawa mafassarin ya tsinci Hausarsa. An buga Sabon Alkawari na Schön a 1880.

Sai dai wannan fassara an yi ta ne nesa da ƙasar Hausa. Saboda haka Dokta Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya tun 1905, ya sake aikin tare da wasu 'yan mishan da Hausawa. A 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki.

Babbar matsalar mafassaran ita ce ta kalmomi. A ƙasar Gwandu, inda Dangoma take, tun kafin zuwan Turawa malamai irin su Abdullahi ɗan Fodiyo sun riga sun kafa ma'anonin kalmomin addini a zukatan jama'a. Bahaushe Musulmi in ya ji "Manzo", Annabi Muhammadu (S.A.W.) yake nufi, a wasiƙun kuwa, manzo shi ne wanda Almasihu ya aika. Haka nan "Shari'a" a wasiƙun Romawa da Galatiyawa, dokokin Attaura ake nufi, ba shari'ar Musulunci ba. Rashin bambance waɗannan ma'anoni kan sa maƙwabta biyu su yi gardama, alhali kowa da abin da yake nufi.

Duk da haka, aron ya yi amfani. Kalmomi irin su alheri da haƙuri da adalci da bangaskiya sun sa koyarwar wasiƙun kan ciyar da matalauci, da biyan ma'aikaci haƙƙinsa, da kame harshe, ta zauna daram a bakin masu bi. Har yanzu da Hausa ake karanta su a majami'u da dama na Jihar Kabi, musamman a ƙasar Zuru da Yawuri. Sashe na gaba zai nazarci waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya.