Sapele a Tsohuwar Taswira

Da yawa daga cikin mutanenmu na Arewa, in ka ambaci Sapele, abin da ke faɗo musu a rai shi ne giyar nan ta gida da ake wa laƙabi da ruwan Sapele. Wannan rashin adalci ne ga garin da sunansa ya shiga kasuwannin katako na duniya, har aka raɗa wa wani jan itace mai daraja sunan. Gani ya kori ji. Duk mai son sanin abin da Sapele ta taɓa zama, ya nemi tsoffin taswirorin da ofishin safiyo na tarayya ya fitar da taimakon hukumar safiyon Birtaniya ta ƙasashen waje, waɗanda aka zana daga hotunan jirgin sama wajajen samun 'yancin kai.

Abu na farko da ido zai kama shi ne ƙarancin layukan da ke nuna tudu da kwari. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, fadama da rafuka sun ratsa ta ko'ina. Kogin Ethiope da na Jamieson suna haɗuwa a nan su zama Kogin Benin, ya nufi teku. Arewa da garin kuwa dazuzzukan da gwamnati ta keɓe ne, irin su Sakponba a bakin Jamieson. Asirin garin ke nan. A sare itace a can ƙauyuka, a ja gungumen zuwa bakin rafi, a ɗaure su jere-jere, masu nauyi a jingina su da obece mai tasowa a kan ruwa, sai kogi ya kawo su har ƙofar injin yanka. Jiragen ruwa na teku kuma suna iya shigowa su yi lodi. Kamfanin UAC ya ga wannan dama, ya kafa AT&P bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar katako da filawud wadda a zamaninta tana cikin mafi girma a Afirka.

To amma ƙasar wa ce? Nan fa ake yin ta. Turawa sun kafa ofishin ƙaramin jakada a Sapele a farkon shekarun 1890. Bayan sun karya Nana Olomu, jagoran Itsekiri a kogin, a 1894, sai suka ɗaukaka Dore Numa, wani basaraken Itsekiri, ya zama idonsu a yankin. A 1908 shi ne ya sa hannu a takardar hayar fili eka 510 ga gwamnatin mulkin mallaka, da sunan sarakuna da jama'ar Sapele. Wannan sa hannu ya haifi rigimar da har yau tokarta ba ta huce ba. Itsekiri suka ce tun da nasu ne ya ba da haya, ƙasar tana ƙarƙashin sarkinsu, Olu. Mutanen Okpe, wani reshe na Urhobo da sarkinsu Orodje ke zaune a Orerokpe, suka ce Dore wakilci kawai ya yi, kuma su ne Turawa suka tarar a bakin kogin suna noma da kamun kifi. Magana ta kai kotu, Cif Ayomano a gefen Okpe, Olu Ginuwa na Biyu a ɗaya gefen. Alƙali ya ba Okpe gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma kuma ta tabbatar da hukuncin a 1943. A ganina hukuncin ya dace, domin ɗan aike ba ya zama mai gida, ko da shi ya riƙe alƙalami. Duk da haka ba za a kankare rawar da 'yan kasuwar Itsekiri suka taka a kogin ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma Turawa sun ci ribar wannan tsagewa.

Unguwannin leburori da na baƙi, har da Hausawa 'yan kasuwa, sun taso a bayan masana'antar. Manyan ma'aikata kuwa suna da unguwarsu da kulob ɗin wasanni da aka kafa tun 1913.

Yau ɗauki taswirar ka bi hanya daga Amukpe zuwa Ologbo, ka ga abin takaici. Inda aka shafa koren launi na kurmi, yanzu gonakin roba ne da kwakwar manja da rogo. AT&P ta durƙushe, injinanta sun yi tsatsa, tashar jiragen ruwan ta koma hannun sojan ruwa. An sare daji shekara da shekaru ba a mayar masa da gurbi yadda ya kamata ba, aka kuma bar matasan garin suna zaman jiran aikin man fetur da bai wadatar da su ba. Ɗan katako a Na'ibawa ta Kano yana kukan tsadar kaya da ƙarancin itace mai kauri, bai san tushen kukansa yana bakin Ethiope ba. Taswirorin ma da ke shaida duk wannan ba a sabunta su yadda ya kamata ba, kuma yaron makaranta a Sapele zai gama sakandare bai taɓa ganin ko ɗaya ba, balle a nuna masa inda kurmin kakanninsa ya tsaya.